Makullin Gidan Malama Turai

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai ya faɗi ɓangaren da yake.

Wasu ƙawaye ne su uku 'yan Gusau: Hansatu, Suwaiba da Kubura. Tare suka yi makaranta, tare suka gama bautar ƙasa, tare kuma suka shekara biyu suna yawo da takardu a ambulan ba wadda ta samu aiki. Irin ƙawancen nan ne da idan ɗaya ta ɗinka sabuwar atamfa, sauran biyun za su ce wallahi ta yi mata kyau, sannan su kasa cin abincin rana. Suna son juna, ba ƙarya. Sai dai kowacce ta fi so a ce ita ce gaba ko da taku ɗaya ne.

Da damina ta yi tsakiya suka ce bari su je Jos su huta mako guda, ko zuciya ta yi sanyi. Suka kama gidan hutu irin wanda ake bayarwa haya na kwanaki, da gadajensa da tukwanensa, a wata unguwa ta kan tudu. Mai gidan dattijuwa ce, Malama Turai, wadda ta shekara talatin tana shugabantar makarantar 'yan mata. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya yana Abuja. Ta bar wa baƙi babban gidan, ita ta koma wani ɗaki a baya, bayan katanga mai ƙaramar ƙofar ƙarfe.

Tun ba su ajiye jaka ba ta jera su a falo, ta sauko da tabarau kan hanci, ta ɗauko takardar da aka rufe da leda. Dokoki goma sha bakwai ne, kuma ta karanta su kaf, tana jan kowace lamba kamar a taron safe.

"Lamba uku. Ba a kawo mini kowa gida. Ku ma baƙi ne, ba ku isa ku yi baƙo ba. Lamba huɗu. Ba a shiga da gawayi ɗaki, komai sanyi. Lamba tara. Fiyar da ke tsakar gida tawa ce, ta kan bishiya da ta ƙasa. Lamba goma sha ɗaya. Ba a ƙetare ƙaramar ƙofa, ko gobara ake yi. Lamba goma sha bakwai. Ƙarfe bakwai na safe a zo bakin ƙofar a yi sallama, a jira in amsa. Akwai tambaya? Babu. Madalla."

Tana fita gardama ta tashi. Suwaiba ta ce tunda sun kama gida, mako guda nasu ne, ba makarantar kwana suka zo ba. Kubura ta ce a bar takarda a bango, ai ba ta da ido. Hansatu ta ce gida da mai shi, wanda ba zai bi ba da bai shigo ba. Ta faɗi haka da ɗan ƙarfi, tana kallon taga, ko Allah zai sa Malama ba ta yi nisa ba.

To, Hansatu ta riƙe doka. Kullum bakwai saura biyar tana bakin ƙaramar ƙofa cikin hijabi, hannu a haɗe, ta siranta murya kamar ba ita ce ta kwana tana minshari ba: "Salamu alaikum, Mamaaa." Malama ta amsa, ta buɗe ƙofa kaɗan, ta miƙo mata fiya biyu nunannu a faranti. Hansatu ta dawo falo ta zauna inda kowa zai gani, ta yanka a hankali, ta barbaɗa gishiri, ta miƙa wa kowacce yanki siriri ta ce su ɗanɗana, Mama ce ta ba ta. Tun rana ta biyu suka sa mata suna Monita.

Suwaiba kuwa a gidansu ko kallon fiya ba ta yi, cewa take kamar sabulu. Amma ganin farantin nan kullum a hannun Hansatu ya hana ta sakat. Cikin maza shida ta tashi, hawan bishiya ba baƙon abu ba ne a wurinta. Da Malama ta kwanta bayan azahar sai ta ɗaura zani ta haye. Ta tsinko fiya ɗanyu ta cusa a ƙasan jaka, ba don ta ci ba, don dai ta san nata sun fi na Monita yawa. A hawa na uku ta gano wani reshe mai kauri da ya kwanta kan katanga. Daga kansa ana hango ɗakin Malama, har da wata 'yar taga ta baya da sakatarta ta lalace aka ɗaure da tsumma.

Kubura ta duba ta ga ɗaya ta samu uwar ɗaki, ɗaya ta samu bishiya, ita ba ta da komai. Sai ta leƙa maƙwabta. A can akwai Sista Nanret, nas ce a wani asibiti, mace mai faɗi da dariya da 'yar mota ja. Shekara huɗu ba sa magana da Malama, tun da kajin Sista suka cinye mata latas a lambu, kuma kowa a layin ya san don ita aka rubuta lamba uku. Wannan ma ya ƙara wa Kubura daɗin abin. Kullum da la'asar, lokacin da Malama ke zuwa karatu, ta shigo da Sista falo, ta dafa mata shayi a kofunan da aka hana taɓawa, su zauna suna kwaikwayon "Akwai tambaya? Babu." Ta karɓi lambarta, ta fara kiranta Antina. Ta kuma sanar da ƙawayenta cewa Antinta za ta kai ta kallon duwatsu ranar Asabar, sai dai kash, kujera ɗaya ce ta rage a motar.

Haka aka kwana biyar, kowacce na taunar nata a ciki. Kwana biyun ƙarshe kuwa ana ruwa ba tsayawa, sanyi ya sauko irin wanda 'yan Gusau ba su taɓa sanin akwai shi ba.

Safiyar rana ta shida, Suwaiba da Kubura sun yi asuba sun koma cikin bargo. Hansatu ta fita tana rawar ɗari ta yi sallama. Shiru. Ta sake. Shiru. Abin da ya fara zuwa ranta shi ne Suwaiba ta kai gulmarta, an daina yi da ita. Ta so ta juya cikin fushi, amma doka ta ce a jira a amsa, sai ta tsaya cikin yayyafi. Tana tsaye ta tuna cewa Malama ba ta taɓa bari a yi mata sallama biyu ba. Ta durƙusa ta leƙa ta ƙarƙashin ƙofa, ta ga takalman Malama a bakin ɗaki cike da ruwan sama, buta a kife inda aka bar ta jiya. Macen da ba ta taɓa makarar asuba ba. Hansatu ta ruga ta yaye wa ƙawayenta bargo. Kubura ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Monita, an sauke ki ne?" Sai da suka ga hawaye suka tashi. Da ba don ita ba, sai goma za su farka.

A bakin ƙaramar ƙofa, wadda ke kulle ta ciki, Suwaiba ta ce a nemo taɓarya a ɓalle. Hansatu ta tare ƙofar da jikinta ta ce lamba goma sha ɗaya, ko gobara ake yi, gara a kira ɗanta ya ba da izini. Aka kira, wayar ba ta shiga. Suwaiba ba ta tsaya sauraren sauran ba. Ta haye bishiyar nan mai santsi, ta bi reshe da ciki, ta dira bayan katanga, ƙafarta ta gurɗe. Ƙofar ɗakin ma a kulle. Da wata ce da ta tsaya bugu, amma ita kai tsaye ta ɗingisa baya, ta tsinke tsumman taga da haƙori, ta cusa kanta. Malama na kwance ba motsi. Ga kaskon gawayi a gefen gado, an toshe kowace kafa ta ɗakin da tsofaffin zannuwa. Suwaiba ta riƙe numfashi, ta zare sakata, ta ja tsohuwa ta hammata har tsakar gida, sannan ta buɗe ƙaramar ƙofa. Hansatu ta shigo a guje, amma sai da ta cire takalmi tukuna.

Numfashin Malama kamar zare. Ba su san garin ba, ba su da mota, kuma ruwa ya ɓata hanyar tudun, ba keken da zai hawo. Sai dai tun Suwaiba na kan reshe Kubura ta danna lambar Antinta. Sista Nanret ba ta ɗaukar baƙuwar lamba da safe, kuma ta riga ta fito da mota za ta tafi aiki, ta ga sunan Kubura ta ɗauka. Ta shigo gidan da aka hana ta shekara huɗu ba ko sallama, ta juya Malama kan gefe, ta duba ido, ta ce kowa ya kama inda ta nuna masa. Cikin minti goma sha biyar suna asibitin da take aiki, an sa wa tsohuwa abin numfashi. Likita ya ce da an ƙara ɗan lokaci kaɗan, da gawa za a kawo.

Za ku ce bayan wannan sun rungumi juna. Ina. A bakin gadon asibiti aka buɗe sabon babi. Hansatu ta riƙe kofin ruwa ta ƙi saki. Suwaiba ta ɗora ƙafarta mai bandeji a inda duk mai shigowa sai ya tsallake. Kubura tana kiran kowace nas da suna kamar a asibitin aka haife ta. Da Mansur, ɗan Malama, ya iso daga Abuja, kowacce ta ja shi gefe ta ba shi labari, kuma a kowane labari sauran biyun tsaye kawai suke suna kuka.

Rana ta uku Malama ta tashi zaune ta nemi tabarau. Sista Nanret ta tsaya kanta da hannu a ƙugu ta tambaye ta wa ya rubuta lamba huɗu. Malama ta kalli bango ta ce lamba huɗu ta baƙi ce.

Mansur ya rantse ba zai sake barinta ita kaɗai ba, Abuja za su tafi. Ta yarda, da sharaɗin ba za a rufe gidan ba. Wata za ta zauna a ɗakin baya, ta karɓi baƙi, ta riƙe makulli, ta tsare dokoki, a riƙa biyanta albashi duk wata. Mutum uku da suka shekara biyu suna neman aiki suka matso bakin gado lokaci ɗaya. Mansur ya ce to a ba su su uku mana, su raba. Malama ta ce ba ta taɓa ganin makaranta mai shugaba uku ba. Ta sa aka fito da makulli daga jakarta, ta dube su ta saman tabarau.

"Ke Hansatu, ke kaɗai kika san ban amsa ba, don ke kaɗai kika zo. Amma da ta taki ce, da na mutu a bayan ƙofa kina yi mini sallama. Ke Suwaiba, ke kika fitar da ni, amma satar fiyata ce ta koya miki hanya, kada ki ɗauka ban ƙirga ba. Ke kuma Kubura, kin kawo wadda ta cece ni, bayan kin gama ba ta shayi a kofunana kuna kwaikwayona. Ina son mai riƙe doka, ina kuma son raina. Ku ba ni zuwa Juma'a."

Daga nan fa ba wadda ta ƙara yarda ta fita ko banɗaki, kada a yi maganarta a bayanta. Hansatu na cewa yaya za a ba ɓarauniya da mai shigo da baƙi tsaron dokar da suka taka. Suwaiba na cewa gani ba ceto ba ne, ita ce ta shiga hayaƙi, kuma ƙafarta ce shaida. Kubura na cewa da su biyun ne kaɗai, da tsohuwar da suka fitar tsakar gida ta ƙarasa a sarari, ita ce ta kawo mota da mai ilimin. Kowacce ta san a ranta cewa in aka cire ɗaya a cikinsu da yanzu ana zaman makoki, kuma kowacce ta gwammace a rufe gidan da a ba ɗaya daga cikin sauran.

Juma'a ta zo. Mansur ya tayar da mota, an ɗora kayan Malama, su uku sun jeru a gabanta ba mai kallon 'yar'uwarta, makulli na tafin hannunta.

To, jama'a, ku da kuka ji komai: tsakanin wadda ta bi doka har ta gano, da wadda ta karya doka har ta shiga, da wadda ta raina doka har ta samo mai ceto, wa za ku miƙa wa makullin gidan nan?