Dalilin da Ya Sa Ake Gudun Kare Mai Guntun Kunne

Dalilin da ya sa mutane ke sauya hanya in sun hango karen nan mai faɗin kai da guntun kunne, wanda samarin yanzu ke kira fitbul, shi zan gaya muku yau, tunda na ga yadda kuka faɗo zaure a guje ɗazu. Kare yana ɗaure da sarƙa a hannun mai shi, ko kallonku bai yi ba, amma kun kusa ture ni daga kan tabarma. Ke kuma Uwani, amaryar da za ta gudu ta bar tsohon mijinta a bakin ƙofa, ai na fasa auren. To, ku zauna. Yadda kakana ya ba ni labarin haka zan ba ku, in da ƙari a ciki, nasa ne.

A zamanin da, lokacin da kare ke iya buɗe baki ya yi magana da mutum, akwai wani ƙauye a bakin daji. Mutanensa manoma ne da damina, mafarauta da rani. A cikinsu akwai wani mai suna Jatau, yana da kare gajere, kakkaura, mai faɗin ƙirji. Yaran garin suka sa masa suna Turmi, don in ya zauna a tsakar gida sai ka ce turmi aka ajiye. A lokacin kunnuwansa dogaye ne, har suna sauko masa kan kumatu.

Duk garin babu kare mai sanyin hali kamar Turmi. Mata in za su rafi, sai su kwantar da jariransu a inuwa su ce, "Turmi, ga amana nan." Zai kwanta a gefe yana kore musu ƙuda da wutsiya har iyayen su dawo. Yara su hau bayansa, su ja masa kunne, su sa hannu a bakinsa su ciro ƙashin da yake ci, shi dai ido. Abin da aka ce masa shi yake yi, ko wa ya faɗa. Wannan kuwa shi ne abin da ya hana Jatau cin nama.

Ga yadda al'adar farautarsu take. In an fita daji aka tayar da zomo ko gada, naman ba na wanda ya fara gani ba ne, ba kuma na wanda ya fara jifa ba. Na wanda aka tarar da bakin karensa a kai ne lokacin da Sarkin Baka, shugaban mafarauta, ya iso wurin. Saboda haka kowa ya koyi wayo. Wani ya daka wa karen wani tsawa, wani ya kwaikwayi muryar mai kare ya ce, "Saki!" Turmi ba ya da gudu sosai, amma in nama ya biyo ta gabansa ba ya kuskure. Sai dai da ya ji an ce ya saki, zai saki, ya koma gefe yana kaɗa wutsiya, wani kare ya ɗora baki. Rani uku Jatau yana dawowa gida da gora kawai a kafaɗa. Mai yi masa dariya fiye da kowa shi ne wani mafarauci mai suna Mantau, wanda ya iya kwaikwayon muryar Jatau har matar Jatau ba ta bambancewa.

Wata rana da hantsi Jatau ya kira karensa bayan gida ya ce, "Turmi, ka mai da ni abin dariya a garin nan."

Turmi ya ce, "Maigida, an ce in saki ne, na saki. Ai da muryarka na ji."

"Ba ni ba ne, Mantau ne. Daga yau mu yi alkawari. In na bugi cinyata sau biyu, abin da ke gabanka ka kama. In ka kama, kada ka saki don maganar kowa, ko da muryata ka ji. Sai ka ji tafin hannuna a kanka."

Turmi ya ce, "In ba ka nan fa?"

"Ina za ni? Inda kake nan nake."

"In kana nan ba ka ɗora hannun ba fa?"

Jatau ya yi dariya ya ce, "Kai, ka cika tambaya. Mutum ya ƙi karɓar namansa?"

Turmi ya ce, "Shi ke nan, na ɗauka."

A ranar Jatau ya sa wuƙa ya yanke masa kunnuwa, wai don kada karnuka su sami abin ja in suna ƙoƙarin ƙwace nama. Turmi ya yi kuka, amma da aka gama sai ya lashi hannun da ya yanke shi. Ni wannan wurin shi ke fara ɓata mini rai duk lokacin da na ba da labarin.

Daga nan abu ya sauya. Turmi ya kama zomo, mafarauta su yi ta ihu, Mantau ya yi ta kwaikwayon murya har maƙogwaronsa ya bushe, a banza. Sarkin Baka ya iso ya ce, "Na Jatau ne." Jatau ya sunkuya kamar mai shafa karensa, ya ɗauki nama. Ba wanda ya lura cewa shafar nan ita ce ke buɗe bakin Turmi. Gidan Jatau ya cika da ƙamshin miya, makaɗan farauta suka sa shi a kirari, ya fara tafiya yana buɗa hannuwa. A gida kuwa Turmi yana nan yadda aka san shi, jarirai na barci a gefensa.

Da a nan aka tsaya, da ba ku ji wannan labarin ba. Amma mutum in ya sami abin da ba ya saki, sai ya fara neman abin da zai gwada shi a kai.

Wata farauta da rana tsaka, Jatau da Mantau suka haɗu su biyu a bayan wani suri, jama'a na can nesa. Gada ta wuce su duka, kowa ya ce ɗan'uwansa ne ya kore ta. Magana ta yi zafi. Mantau ya ce, "Kai har kana da bakin magana? Ba don karenka ba, ai ko ɓera ba ka isa ka kawo gida ba." Ya tofar da yawu ya juya zai tafi. Jatau, zuciya ta ɗebe shi, ya bugi cinyarsa sau biyu.

Turmi ya duba gabansa. Babu zomo, babu gada, sai ƙafar Mantau. Ya waiwayi maigidansa don ya tabbatar. Jatau ya sake bugun cinya. Sai Turmi ya kama.

Ihun Mantau ya tara jama'a. Ko da suka iso, zuciyar Jatau ta sauka, tsoro ya maye gurbinta. Domin akwai wata doka ta biyu a farautarsu: wanda duk ya sa wa mutum kare, za a karya gorarsa a gaban jama'a, kuma ba zai ƙara shiga daji da su ba har ya mutu. Amma in kare ne ya haukace da kansa, babu laifin mai shi. Jatau ya san in ya ɗora hannu Turmi ya saki nan take, kowa zai gane cewa karen na cikin hankalinsa, kuma umarni yake bi. Sai ya ja da baya taku uku, ya sa hannuwansa duka biyu a ka, ya fara ihu tare da jama'a.

"Saki! Turmi, saki! Jama'a, kun gani, ni ma ba ya jin maganata. Ya haukace."

Turmi yana jin muryar, amma ai an gaya masa kada ya saki don murya. Aka doke shi da gora, aka watsa masa ƙasa a ido, aka ja wutsiyarsa. Bai yi gurnani ga kowa ba, bai ƙara matsa haƙori ba, bai kuma saki ba. Idonsa na kan Jatau, yana miƙa masa kai iyakar yadda zai iya, yana jiran hannu. Hannun kuwa yana can bisa kan mai shi. Sai da ƙarti huɗu suka danne shi, aka cusa masa itace a baki aka ɓanɓare, sannan aka zare ƙafar. Mantau bai ƙara tafiya daidai ba har ƙarshen ransa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kada ku ji ina tausayin kare ku ɗauka na manta da mutumin.

Washegari da safe aka taru a gindin tsamiya. Aka kawo Turmi a ɗaure. Wasu suka ce a kashe shi kawai. Sarkin Baka ya fara tambayar Mantau, Mantau ya ce shi dai ya juya baya ne, bai ji an ce wa kare komai ba. Ya tambayi Jatau.

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni kaina ina tsoronsa. A jininsa abin yake. Ku dubi kansa, ku dubi haƙoransa. Irin wannan in ya kama ba ya saki, haka Allah ya yi shi."

Sai wata tsohuwa, Gwaggo Tabawa, wadda jikokinta shida duk a gefen Turmi suka yi barcin jarirta, ta miƙe da sandarta ta ce, "Jatau, ji tsoron Allah. Haƙoran nan ai da su aka haife shi. Shekara nawa muna sa masa 'ya'yanmu a gaba? Da can jinin ina ya tafi? Kuma kunnuwansa, su ma haka Allah ya yi su?"

Aka ce, "Gwaggo, zauna, maganar daji ce, ba ta mata ba."

Sarkin Baka ya juya ga karen ya ce, "Turmi, me ya sa ka kama mutum?"

Turmi, bakinsa a kumbure, ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da aka koya mini na yi."

"Wa ya koya maka?"

Turmi ya dubi Jatau. Jatau ya dubi ƙasa. Turmi ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kwantar da kai bisa ƙafafunsa. Kare ba ya ba da shaida a kan hannun da ya ciyar da shi.

Yanzu ku da kuke yara, kun riga kun gane wanda ya koya masa. To, kuna tsammani dattawan da ke gindin tsamiyar nan ba su gane ba? Sun gane sarai. Sai dai kowa a wurin yana da kare, kuma kowa ya san abin da ya koya wa nasa a bayan gida. In aka fara binciken masu koyarwa, ba a san inda za a tsaya ba. Faɗin cewa a jini yake ya fi wa kowa sauƙi.

Sarkin Baka ya yanke hukunci. Don darajar furfurar Gwaggo Tabawa ba za a kashe shi ba, amma za a ɗaure shi da sarƙa a bayan gari. Ba zai ƙara shiga tsakar gida ba, yaro ba zai ƙara zuwa kusa da shi ba, kuma haka za a yi wa duk abin da ya haifa, har jikokin jikokinsa. Jatau kuwa ya ɗauki gorarsa lafiya lau ya tafi gida.

Abin da ya biyo baya shi ne abin kunya. Turmi yana da 'ya'ya biyar a lokacin, ko ido ba su gama buɗewa ba. Kafin sati ya zagayo babu ko ɗaya. Mutanen nan da suka fi kowa ɗaga murya cewa mugun iri ne, su suka bi ta bayan danga ɗaya bayan ɗaya suka kwashe su. Kowa ya yanke wa nasa kunne, kowa ya koya masa kamu ba saki. Ba mai neman irin Turmi don ya zauna da jarirai, sai mai son a ji tsoronsa. Fatake suka saya suka kai gaba, daga can aka kai gaba, har suka ƙetare ruwa, inda aka riƙa haɗa su faɗa da junansu ana tafi. Duk wanda ya ciji mutum sai a ce, "Ai mun faɗa, jinin ne." Waɗanda suka rayu suka mutu ba su taɓa kowa ba, ba a ba da labarinsu.

Turmi ya yi shekara biyu a kan sarƙa. Hanyar gonar Jatau ta wurin take bi. Kullum da safe in ya hango shi tafe, sai ya miƙe ya zo iyakar inda sarƙa ta tsaya, ya sunkuyar da kai ya miƙa masa. Kullum Jatau ya kau da fuska ya wuce. A haka aka tarar da shi wata safiya, kwance a ƙarshen sarƙa, kansa na fuskantar hanya.

Shi ya sa har yau jikokin Turmi ke yawo da guntun kunne da sarƙa a wuya, mutane na buɗa musu hanya tun ba su yi haushi ba. Ban ce ku je ku shafa kan kowane kuka gani ba. Haƙori haƙori ne, kuma ba ku san abin da aka koya masa a bayan gida ba. Amma in kun hango shi tafe, kafin ku yanke masa hukunci, ku ɗaga ido daga kan karen ku dubi wanda ke riƙe da sarƙar. Shi ne tun ranar nan a gindin tsamiya ba a kira shi ya amsa laifinsa ba.