Hannu Mai Yatsu Huɗu a Majami'ar Nomau

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai suna Dogara, a wani tsohon birni da ba sai na faɗi sunansa ba. Ku saurara, ku na baya can ku bar hirar nan tukuna.

A tsakiyar birnin akwai wata majami'a ta ƙasa. Kai, jama'a, irin ginin da aka daina yi! Katanga ce ta tubali mai kauri, in ka shiga da tsakar rana a bazara sai ka ji sanyi kamar ka leƙa randa. Rufin azara ne, bakan gizo, wato ginin nan mai lanƙwasa kamar baka, ya ɗauke shi, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Ga zankwaye a sama, ga makuba an shafe bayan da ita. Mutanenta ba masu yawan jayayya ba ne, abin da suka rubuta a bisa ƙofa shi ne: Allah ɗaya ne. Na ga irin ginin nan da idona, har yau in na tuna sai kewa ta kama ni.

Kowa "Majami'ar Nomau" yake ce mata, don an ɗauka shi ya gina ta. Nomau mahaifin Dogara ne, ya daɗe da rasuwa. Bai bar gona ba, bai bar shanu ba, sunan nan kaɗai ya bar wa ɗansa. Saboda sunan ake ce wa Dogara ɗan magini, saboda sunan ake ba shi kujerar gaba. Shi kuma kowace shekara kafin damina sai ya hau ya yi yaɓe, ya gyara indararo, yadda ubansa yake yi.

To, ku ji inda jarrabawar take. Maginan garin suna da al'ada: in an gama bakan gizo, babban magini zai danna tafin hannunsa a ɗanyen yaɓe. Akwai irin wannan hannu a majami'ar, a lungu, bayan ƙofa. Yatsunsa huɗu. Nomau kuwa yatsunsa biyar cif. Wata rana suna yaɓe ya nuna wa ɗansa, ya ce, "Na Ilu ne, wani Musulmi, azara ta cire masa ɗan yatsa. Shi ya gina. Ni ƙasa na kwaɓa masa." Dogara ya taɓa faɗa wa mutane, suka yi dariya suka ce tawali'u ne. Sai ya bar maganar, don sunan yana da daɗi.

Ana nan sai Baba Ishaya, babban dattijon majami'a, ya tare shi.

"Dogara, albishirinka."

"Goro, Baba."

"Za mu shafe ciki da siminti, mu kafa allo a ƙofa da sunan mahaifinka. Jikokinmu su san wanda ya gina."

Dogara ya yi godiya, amma ya san abin da zai biyo baya. In siminti ya hau, hannun ya tafi, kuma ba mai tambaya har abada. A hanyar gida ya wuce Kande, wata tsohuwa mai sayar da daddawa a gindin katangar majami'ar. 'Yar Ilu ce. Ta gaishe shi yadda ta saba, "Sannu ɗan magini." Ya kau da kai ya wuce.

Ran Lahadi da aka tashi, ya miƙe ya ce, "Iyayena, ku gafarce ni. Babana bai gina ɗakin nan ba."

Baba Ishaya ya ce, "Haba Dogara! Zauna mana. Ubanka fa muke son karramawa."

"Na sani, Baba, kuma ina so ƙwarai. Amma shi ya faɗa mini da bakinsa. Ku zo ku gani."

Ya ja ƙofa, suka ƙirga yatsu. Aka aika wa Kande. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jin nauyi, don ba ta taɓa shiga ba. Ta tuɓe takalmi, ta shiga, ta ɗora hannunta a kan shaidar, ta lanƙwashe yatsa ɗaya.

Ta ce, "Wayyo, Baba ne." Sai hawaye.

Aka bar lungun ba siminti. Aka rubuta sunan Ilu. Kujerar gaba ta koma ga wani, yara suka riƙa ce wa Dogara ɗan mai kwaɓa. Ya ji zafi, kada ku ce bai ji ba. Amma da damina ta matso, shi ne dai a bisa rufi da ƙasa a hannu.

Jama'a, gaskiya mai sauƙi kowa na faɗa. Gaskiyar da za ta rage maka girma, ita ce ma'aunin mutum. Ku duba gidajenku da wuraren aikinku. Wa ya yi wahalar da ake yaba muku a kai? Ƙanwarka ce ta yi jinyar tsohuwa, kai ake sa wa albarka? Abokin aikinka ne ya yi, kai ka karɓi godiya? Ku je ku faɗi sunansa yau, tun yana da rai, tun siminti bai hau ba.