Tabarmar Sambo a Gindin Famfon Iska

Akwai wani dattijo mai suna Sambo, a wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Hasahisa. Tun yana da sauran ƙarfi hukuma ta kafa musu famfon iska a kan rijiya, kyauta. Dogon ƙarfe ne mai fukafukai: iska ta juya shi, ruwa ya hau. Abin da aka nema wurinsu kawai shi ne mutum ɗaya da zai riƙa hawa yana sa masa mai, ya kuma ɗaure shi in guguwa ta taso. Sambo ya ce shi zai yi.

Ita iska ba ta da alkawari, sai an jira ta. Don haka kullum da la'asar Sambo yakan shimfiɗa tabarma a gindin famfon. Maza su zauna ana shan shayi, mata su jera tuluna can gefe ana ta hira. Matarsa ta rasu, ɗansa yana aikin masaƙa a gari, wannan taron shi ne iyalinsa.

Sai injin jawo ruwa mai aiki da gas ya shigo ƙauyen. Hukuma ta mayar da tallafinta can, ta daina aiko man famfo. Jibirin, ɗan mai gari, shi aka ba injin, kuma tun ranar tafiyarsa ta canza. Da ya murɗa, ruwa ya ɓarke. Wa zai zauna jiran iska kuma?

Gindin famfo ya koma shiru. Sambo bai fasa shimfiɗa tabarmarsa ba. Ya dafa shayi, ya shanye abinsa shi kaɗai, ya naɗe da magariba. Man riɗin da zai ci, shi yake hawa da shi yana shafa wa ƙarfen. Kewa ta dame shi ƙwarai, amma bai gaya wa kowa ba, don ba wanda ya tambaya.

Wata rana Jibirin ya zo da maƙeri.

"Baba Sambo, halas, shi ke nan, zamanin wanga abu ya wuce. Ƙarfen muka so, mu yi wa inji rumfa."

Sambo ya dafa ƙarfen ya ce, "Ɗana, ku bar min shi har in mutu. Rannan ku sare."

Jibirin ya dubi furfurarsa, ya yi dariya. "To Baba, mun ji. Ai ba nisa."

Maganar ta zaga gari. Sambo ya san duk wanda ya gaishe shi yanzu, ƙafafunsa yake kallo, ya ga ko ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Abin ya yi masa ciwo. Gwiwa tana ƙara, haka yake hawa.

Ana nan sai shekarar da gas ya yi wuya ta zo. Motar da ke kawo shi ta daina zuwa, inji ya yi tsit. Mata suka koma ɗibar ruwan kwatar gonakin auduga, yara suka fara ciwon ciki, har da ɗiyar Jibirin.

Wata rana da la'asar sai ga Jibirin da tulu, kansa a ƙasa, jama'a na biye da shi. Ya tsaya a bakin tabarma.

Sambo bai tuna masa komai ba. Ya matsa gefe ya ce, "Iska ba ta taso ba tukuna. Ku zamna, ga tabarma."

Suka zauna. Can fukafukai suka motsa, ƙarfe ya yi ƙara, ruwa ya zubo.

Jibirin ya ce, "Baba, wa kaka shimfiɗa wa tabarmag ga duk shekarun nan?"

"Ku mana."

Jibirin ya kasa ɗaga ido. Ya ce, "Gobe ni za ni hau. Ka nuna min inda aka sa mai."

Darasi: Kada sabon abu ya sa ka wulaƙanta tsohon da ya shayar da kai, ƙarfe ne ko mutum. Gas yakan yanke, iskar Allah ba a sayen ta. In akwai dattijon da ke zaune shi kaɗai a unguwarku, je ka zauna da shi yau, tun yana da rai. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.