Mai Bokiti Rawaya

A wani ƙaramin gari an yi wani kafinta da ake ce wa Baba Na-gane. Mutum ne mai hannu, in ya haɗa maka kujera har jikokinka sai sun zauna a kanta. Amma fa kada ka kuskura ka ce za ka yi masa bayani. Kana buɗe baki zai ɗaga hannu ya ce ya gane, ko da kuwa ko rabin zancen bai ji ba. Tambaya a wurinsa zubar da girma ce. A garinsu wannan hali bai taɓa cutar da shi ba, don direban motar garin ya san ƙofar kowa, kuma in an ce maka ka sauka a famfo, to famfon ɗaya ne tak.

Matarsa, wadda kowa ke kira Iya, idonta na hagu ya daɗe da mutuwa, na daman ma ya fara hazo. 'Yarsu Auta, wadda ke aure a babban birni, ta sa aka kawo ta asibiti. Likita bai ɓoye musu komai ba. Ya ce aikin zai iya dawo da gani, zai kuma iya tafiya da ɗan abin da ya rage. Iya ta ce a yi. Abu ɗaya ta roƙa, shi ne mijinta ya zo da safe kafin a shiga da ita.

"Ina so fuskarka ce zan kalla kafin su rufe min ido," in ji ta. "In ma ba a dace ba, da ita zan zauna."

Baba Na-gane ya yi mata tsiya, ya ce duk fuskokin duniya ta rasa wadda za ta ajiye sai wannan tsohuwar. Amma maganar ta shige shi ƙwarai.

Auta ce za ta kwana da ita, don haka mijin Auta ya ɗauko surukinsa a bas suka nufi gida. A hanya ya yi ta ƙoƙarin nuna masa lambar da ke goshin bas, da sunan tashar asibiti, da ɗan jan maɓallin da ake dannawa in za a sauka. Ina! Baba ya ɗaga hannu ya ce ya gane. Shi ya riga ya yi nasa lissafin: bas ɗin shuɗiya ce, kuma daura da ƙofar asibitin akwai wani ƙaton allon talla, da hoton wata mata tana dariya riƙe da bokiti rawaya. Ai wannan ko makaho ya gan ta.

Da gari ya waye mijin Auta ya ce zai nemi izini a wurin aiki ya raka shi. Baba ya ɓata rai, ya ce shi ba ƙaramin yaro ba ne da za a riƙe wa hannu. Surukin ya ji nauyinsa, ya miƙa masa katin bas ya wuce aiki.

Tun daga tashar unguwa abin ya fara ɗaure masa kai. Shuɗiyar bas ta tsaya, wata shuɗiyar ta tsaya a bayanta, ga ta uku tana tahowa. Ya dubi wannan ya dubi waccan, sai ya shiga wadda direbanta ya fi kama da na jiya. Ya gaishe shi har da tambayar iyali, direban bai ko juyo ba, ya dai nuna masa inda ake manna kati. Baba ya zauna gefen taga yana mamakin rashin tarbiyyar mutanen birni.

Ba a yi nisa ba sai ga matar nan da bokitinta. Ya yi mamakin saurin isowa, amma ya miƙe ya ce wa direba a nan zai sauka. Bas ta wuce abinta. Ya ƙara faɗa da ƙarfi, babu wanda ya kula, sai da wata mata ta miƙa hannu ta danna masa maɓallin. Ya sauka a gaba, ya tako da ƙafa ya dawo wurin allon. Ga mata, ga bokiti, ga dariya. Amma inda ya kamata asibiti ya kasance, sai shagon sayar da tayoyi. Ya zagaya bayan allon ko asibitin yana can. Kwata ce kawai da tarin kwalaye.

Wayarsa ta yi ƙara. Auta ce, tana tambaya ko yana ina, an fara shirya Iya. Da a nan ya ce mata bai sani ba, da ta sa ya miƙa wa mai taya wayar an yi masa kwatance, magana ta ƙare. Sai ya ce ga shi nan a bakin ƙofa.

Ya sake shiga wata shuɗiyar. Wannan kuma ta hau gadar sama da bai tuna sun bi jiya ba. Daga can sama ya hango matar a kan rufin wani bene. Kafin ya gama juyawa, ga ta kuma a jikin wata katanga. Da suka tsaya a danja, wata bas ta gifta, matar na manne a jikinta tana tafiya da bokitinta. Kansa ya yi zafi, ya cire hula ya share gumi. Shi a saninsa alama a wuri ɗaya take zama, ta yaya mace ɗaya za ta tsaya a gaban kowane gini? Wani dattijo da ke kusa da shi ya lura, ya tambaye shi ko baƙo ne, ina za shi. Baba ya gyara zama ya ce ya san hanyarsa.

Haka ya yi ta yi. Ya sauka gaban makaranta, ya sauka gaban gidan mai, ya sauka a wata kasuwa da ta kusa haɗiye shi. Ko'ina ita ce dai take masa dariya, har ya fara jin kamar da shi take. Auta ta kira har ta gaji, ya daina ɗauka saboda ya rasa ƙaryar da zai ƙara. A ƙarshe wata bas ta kai shi inda layinta ya ƙare, fili ne cike da shuɗayen motoci a jere. Kowa ya fita, direba ya kashe mota. Rana ta take, kuma tsoro ya kama shi sosai.

A nan ne ya nufi wata mata mai sharar tasha, murya ƙasa ƙasa, ya ce, "Baiwar Allah, na ɓata. Asibitin ido nake nema."

Ta jingine tsintsiya, ta faɗa masa lambar bas, ta kai shi har ƙofarta, ta ce wa direban ya sauke shi. Duka abin bai kai tsawon gaisuwa ba.

Ya isa ya tarar da Auta a baranda idanunta sun yi ja. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma hakan ya fi yi masa ciwo. Ta ce Iya ta roƙi ma'aikatan jinya su ɗan ƙara jira, suka jira iya yadda za su iya. Har aka tura gadonta, kanta na juye wajen ƙofa.

Ba a dace ba. Ranar da aka kwance bandejin, Iya ta buɗe ido ba ta ga komai ba. Baba ya durƙusa gefen gadon ya faɗa mata gaskiyar abin da ya faru, bai rage komai ba. Ta lalubo fuskarsa da tafin hannu, ta daɗe tana shafawa.

"Na yafe maka," ta ce. "Amma ka san abin da ya zauna min a ido? Ƙofa ce. Farar ƙofa a buɗe, ba kowa a cikinta."

Sun ƙara wata guda a birnin suna zuwa wankin ido a asibiti. Shi ke riƙe da hannunta a bas, kuma ba ya sa ƙafa a mota sai ya tambayi direba inda za ta. Duk allon da suka wuce sai ya sunkuyar da kai.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Sanin da ya yi maka aiki a gida ba lallai ya yi maka a baƙon wuri ba, kuma cewa "ban sani ba" ba ya rage wa kowa girma. Wanda ya ƙi tambaya saboda girman kai ba shi kaɗai yake ɓata ba, har da wanda ke jiransa. Ka yi tambaya tun da sauran lokaci, domin akwai abin da in ya wuce, ko ka gane hanya daga baya ba za ka same shi ba.