Inna Yalwa da Kazar da Ta Reni Zabi

"Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso kusa, kun san ba na iya ɗaga murya."

"Ta zo mu ji ta, mun matso!"

Wata tsohuwa ce, ana ce mata Inna Yalwa. Gidanta ne na ƙarshe a ƙauyen. Daga dangarta sai gonar gyaɗa, daga gonar sai daji. 'Ya'yanta mata uku duk ta aurar da su garuruwa masu nisa. Ba ta da akuya, ba ta da tunkiya. Abin da take da shi kaza ɗaya ce, wake-wake, 'yar ƙarama, mai ɗan ɗingishi. Tare suke wuni, tare suke hira. In Inna tana gyaran wake, kazar na gefen faifai tana tsince mata ƙwari.

Da damina ta faɗi, sai kaza ta yi ƙwai a bayan randa, ta hau kwanci. Sai aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya shiga ɗaki, ya jiƙa ƙwan, duk suka zama baragurbi. Inna ta kwashe ta zubar. Amma kaza ta ƙi tashi. Ta sami wata tsohuwar goruba, ta jawo ta ƙarƙashinta, ta ci gaba da kwanci.

Mutane suka ce, "Inna, tsoma ta a ruwan sanyi, kwancin ya sake ta."

Inna ta ce, "Wadda ruwa ya cuta, ita zan ƙara wa ruwa? A'a."

To, a gefen gonar gyaɗa akwai wata zabuwar daji da ke ƙwai a cikin ciyawa. Inna ta san wurin. In ta je ɗiba ba ta sa hannu. Da dogon ludayi take ɗauko ɗaya ko biyu, ta bar sauran, don an ce zabuwa in ta ji warin hannun mutum a sheƙarta, ta bar ta ke nan.

Sai maƙwabcinta Jatau, wani mai dogon wuya da son banza, ya bi sawunta ya ga wurin. Ya tsuguna, ya zura hannu har gwiwa, ya cika hularsa ya tafi. Zabuwa ta dawo, ta sunsuna, ta yi tsaki, ta shige daji. Ba ta ko waiwayo ba.

Da Inna ta zo, sai ta tarar da ƙwai bakwai a yashe, sun fara sanyi. Ga sawun manyan ƙafafu a laka. Ta ce, "Kai, Jatau, Allah ya shirye ka." Ta sa ƙaiƙayi a ƙwarya, ta jera ƙwan, ta rufe da gefen zanenta, ta dawo gida da sauri.

Ta durƙusa a bayan randa ta ce, "Wake-wake, ɗan ɗaga."

Kaza ta leƙa ƙwarya, ta karkata kai ta ce, "Inna, waɗannan ai ba nawa ba ne. Dubi kansu da tsini. Ji ɓawonsu kamar dutse."

Inna ta ce, "Ita gorubar taki ce?"

Kaza ta dubi gorubar. Can sai ta ɗaga fiffike ta ce, "Zuba su a hankali."

Tana nan, tana nan, har kwanakin kwancin kaza suka cika. Shiru. Ƙwan zabo ya fi na kaza daɗewa. Kaza ta rame, gashin ƙirjinta ya zube. Inna ta riƙa kawo mata ruwa a kasko har bakinta, tana ba ta gero a tafin hannu.

Kaza ta ce, "Inna, anya akwai rai a ciki?"

Inna ta ɗauki ɗaya ta kara a kunne ta ce, "Ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ki ƙara haƙuri."

Sai wata safiya aka ji tsiyau-tsiyau. Suka fito su bakwai, jajayen ƙafafu, da zane a ka kamar an yi musu kitso. Tun jikinsu bai bushe ba suka fara gudu. Kaza ta bi su da ɗingishinta tana cewa, "Ku tsaya! Wa ya koya muku wannan?"

Renon 'yan zabi ba wasa ba ne. Gero ya yi musu girma. Sai Inna ta sami tsohuwar tukunya, ta cika ta da karmami da busasshen kashin shanu, ta yayyafa ruwa, ta kife a bakin suri. Kafin safiya gara ta cika ta. Ta kawo ta zazzage, 'yan zabi suka yi ta wawa. Kaskon ruwansu kuwa tsakuwa take zubawa a ciki, don kada wani ya faɗa ya nutse.

Wata rana Inna ta makara, kaza ta fita da su da sassafe cikin raɓa, yadda za ta yi da 'yan tsakinta. Ashe ɗan zabo ba ya son raɓa. Ƙaramin cikinsu ya jiƙe, ya miƙe ƙafafu, ya rufe ido. Kaza ta yi ta kewaya shi tana kururuwa, "Inna! Na kashe ɗan mutane!"

Inna ta fito da gudu ba ɗankwali. Ta goge shi da zane, ta ajiye shi kusa da murhu, ta kifa masa ƙwarya, ta yi ta kaɗa bayanta da yatsu, kwas-kwas-kwas. Can sai aka ji tsiyau daga ciki. Ta buɗe, sai ga shi tsaye yana layi. Daga ranar, Inna ta riƙa kifa musu kwando da dare, ba ta ɗagawa sai rana ta shanye raɓa.

Suna nan, suna nan, har suka yi gashi mai ɗigo-ɗigo, suka kamo kaza a tsawo, suka wuce ta. Sai suka fara hawa danga. Daga danga sai kan rumbu. Kaza na ƙasa tana ɗaga kai tana kira. In zabin daji suka yi kuka daga bayan gona, ƙurƙet-ƙurƙet, sai su bakwai ɗin su miƙa wuya wuri ɗaya, su yi tsit. Inna tana lura. Ta san abin da ke tafe. In suka tafi, gida ya koma shiru, kuma ba ta jin kazar nan za ta rayu bayansu.

Sai Jatau ya leƙo ta kan danga ya ce, "Inna, barka da kiwo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ki fige musu fiffike tun kafin ki yi asarar gararki. Ni ma sai in taya ki riƙo."

Inna ta ce, "Hannun nan naka ya riƙe abin da ya isa, ɗan nan. Je ka, na gode."

Sai Marka mai daddawa ta shigo talla, ta sauke ƙwarya ta ce, "Yalwa, ke da wayonki? Ki fige musu. Nawa duk a fige suke, ko rumbu ba sa hawa."

Inna ta ce, "Nawa suka rage miki?"

Marka ta ce, "Biyu. Muzuru ya cinye sauran."

Inna ta ce, "To, ba ni daddawa, ki bar mini shawarar a ƙwaryarki."

Sai ga magana ta uku, ita ce mai zafi. Da yamma Inna na tankaɗe, kaza ta zo ta tsaya a gabanta, ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, tunda muke ban taɓa roƙonki komai ba."

"Gaskiya ne."

"Ki fige musu. Gefe ɗaya kawai. Ba zai yi musu zafi sosai ba."

Inna ta ajiye rariya. Ta juyo ta dubi kazar. Sannan ta ce, "Wake-wake, ranar da muzuru ya shigo, da me za su tsere? Da ɗingishinki?"

Kaza ta ce, "In suka tafi fa?"

Inna ta ce, "Na aurar da 'ya'ya uku, ban fige wa ko ɗaya fiffike ba. Kin ga ina kwana lafiya? Ba na yi. Amma ba zan fige ba."

Kaza ta juya mata baya. Ranar ko geron hannunta ba ta ci ba.

Da gari ya waye, raɓa ta bushe, sai ga zabuwar daji a kan danga, ta sha zane, kai a sama. Ta ce, "Salamu alaikum. Na zo ɗaukar 'ya'yana."

Kaza ta taso gashi a tashe ta ce, "'Ya'yan wa? Da kika bar su suna sanyi a ciyawa, ina bakinki yake?"

Zabuwa ta ce, "Ke gurguwa, dubi jikinsu, dubi naki. In da mai kama da ke a ciki, riƙe shi."

Inna ta shiga tsakani ta ce, "Ku bar cacar baki. Ga su nan, ba a ɗaure suke ba." Ta je ta buɗe ƙyauren kara da hannunta.

'Yan zabi suka dubi kaza, suka dubi daji. Zabuwa ta yi ƙurƙet sau ɗaya. Sai fir! Ba su ma bi ta ƙofa ba, ta kan danga suka tashi. Ƙaramin nan ya ɗan tsaya a kan rumbu, ya waiwayo, shi ma ya bi.

Gida ya yi tsit. Kaza ta je bakin ƙofa ta kwanta a ƙasa, ta fuskanci gona. Inna ta kawo ruwa, ba ta sha ba. Ta kawo gara, ba ta duba ba. Sai Inna ta ɗauko kujerarta ta tsuguno, ta zauna kusa da ita, tana waƙa ƙasa-ƙasa:

"'Yan ɗigo-ɗigo, 'yan bakwai,
Daji da faɗi, gida da ɗumi,
In kun ƙoshi, ku tuna da mu."

Jatau ya wuce ya ce, "Inna, ina zabin? Ko in zo in fige miki iska?" Inna ta ci gaba da waƙarta.

Azahar ta yi, shiru. La'asar ta yi, shiru. Sai hadarin ƙarshen damina ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta taso, aka fara yayyafi, sannan aka tsuge har da ƙanƙara.

Inna ta ce, "Wake-wake, taso mu shiga."

Kaza ta ce, "In sun zo su tarar da ƙofa ba kowa?"

Sai Inna ta kifa faifai a kanta, ta kare kazar da zanenta, suka zauna a wurin ruwa na dukansu.

Can sai suka hango ciyawar gona tana motsi. Sai ga kai ɗaya, sai ga biyu, sai ga bakwai, a guje, a jiƙe sharkaf, suna kiran, "Iya! Iya!" Ba su nufi rumbu ba, ba su nufi ɗaki ba. Kai tsaye suka yo kan kaza. Kowa na cusa kai ƙarƙashin fiffikenta, ga su kowanne ya fi ta girma. Wannan ya tura ta nan, wancan ya tura ta can, har suka ɗaga ta sama cak, ƙafafunta na reto ba sa taɓa ƙasa.

Kaza ta baje fiffike iya ƙarfinta, ko kawunansu bai gama rufewa ba, tana cewa, "A hankali! Za ku kayar da ni, marasa kunya! Waye ya taka mini ƙafar ciwon?"

Inna tana dariya, hawaye na bin ruwan sama a fuskarta.

Sai ga zabuwa ta sauka a kan danga, ita ma a jiƙe. Ta tsaya tana kallo. Ta ce, "Tsohuwa, wuni guda na nuna musu fara, na nuna musu tsabar ciyawa, na nuna musu yadda ake kwanta wa shirwa. Duk sun iya, jinina ne. Da ƙanƙara ta fara, sai suka yo kaina wai in buɗe musu fiffike. Na ce ƙattin zabi kamarku? Kowa ya nemi gindin kalgo! Kafin in rufe baki, sai bayansu na gani."

Inna ta ce, "To, yanzu me kika ce?"

Zabuwa ta dubi kazar nan da ke lilo a kan 'ya'ya, ta girgiza ruwan jikinta ta ce, "Ban taɓa ganin ƙaramin fiffike mai faɗin wannan ba. Gurguwa, mu raba. Wuni nawa, kwana naki."

Kaza ta leƙo ta saman kawuna ta ce, "Na yarda. Amma ba kya zuwa sai raɓa ta bushe."

Shi ya sa har yau za ku ga zabin gida suna wuni a daji kamar ba su da kowa, amma rana na yin ja sai ga su a jere sun nufo gida.

Ƙurunƙus kan kusu, na yar da ita a bayan danga, mai so ya tsinta. Dabba dai, in ka kyautata mata, ba sai ka karya mata fiffike za ta san gidanka ba. Ku tashi haka nan, wani ya duba ko an rufe akurki.