Ƙwan Zabin Malam Shekarau

Ku matso kusa, ga wadda za ta sa ku musu har tuwo ya huce.

Malam Shekarau mutum ne da ba ya wuce madubi bai gaishe shi ba. Bana ya sayo injin ƙyanƙyasa, ya zuba ƙwan zabi ɗari biyu, ya riƙa bin majalisu yana cewa kaji ma su zo su koyi aiki. Saura kwana huɗu su fashe, iskar damina ta kayar da turakun lantarki. Da hantsi ya taɓa ƙwai, sun fara sanyi. Itace ya jiƙe, gawayi ya zama kunu.

"Wayyo ni Shekarau! 'Yan majalisa za su cinye ni ɗanye! Wallahi wanda ya ceci ƙwan nan na ba shi babur ɗina!"

'Ya'yansa uku na tsaye.

Jatau magini ya ruga wurin aikinsa, ya ɗauko gasasshiyar farar ƙasa wadda ruwa bai taɓa ba. Ya juye a rabin duro, ya kwara ruwa. Nan take ta hau tafasa, tururi na tashi, ba ashana ba itace!

"Baba, ja da baya, gemunka!" in ji Jatau.

Malam ya sungumi kwandon ƙwai zai ɗora. Kande mai kindirmo ta riƙe hannunsa.

"Baba, 'yan zabi kake so ko dafaffen ƙwai?"

Ta rufe duron, ta shimfiɗa yashi da ƙaiƙayi, tana gwadawa da bayan hannu yadda take gwada madara, tana ƙarawa tana ragewa, har ɗumin ya koma na cikin kaza, sannan ta ɗora kwandon.

Kafin la'asar farar ƙasa ta huce. Sai Barau manomi ya ɗauki shebur ya nufi tsibin takinsa, wanda Malam ke zaginsa kullum saboda wari. Ya haƙa tsakiya, ɗumi ya buso, don taki in yana ruɓewa kwanaki yake yi bai huce ba. Nan kwandon ya zauna.

Rana ta huɗu sai tsiyau-tsiyau! Ɗari da tamanin suka fito!

Malam ya gyara hula ya ce ai duk basirarsa ce, 'ya'yan nan a wurinsa suka gada. Maƙwabta suka ce sun ji, amma sun ji rantsuwa ma. Ga shi can zaune ya damƙe makullin babur, yana cewa an haɗa baki an cuce shi.

Babur dai ɗaya ne. To jama'a, Jatau, Kande ko Barau, wa zai hau?