Kujerar Shehi Mai Ƙafa Uku

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya azurta mu da zama a gaban Shehinmu, al'allama, mai tsentseni da zuhudu, kogin nahawu da balaga, wanda idan ya buɗe babin kinaya da ishara sai ka ji kamar yau ka fara jin magana. Allah Ya ƙara masa yarda. Ya kan ce mai hikima yana ambaton toka yana nufin baƙin da aka ciyar, kuma almajiransa duka sun amfana da wannan darasi daidai gwargwado, ban da wani tela da ya sha ya wuce kima.

Sharhi ake ce wa telan nan, domin ko tari Shehi ya yi sai ya fitar masa da ma'ana uku. Amma yana da ciwon da sharhi bai warkar ba: shekara uku ba ya ga maciji da ƙaninsa kafinta, a kan zarton mahaifinsu. Da tsohon ya rasu, tela ya ce shi ne babba, ya ɗauke zarton ya rataye a shagon ɗinki, inda ko zare bai taɓa yankawa da shi ba. To, sai ga labari cewa kafinta ya gaji, ranar Alhamis zai kwashe kayansa ya bar garin ba dawowa. Hankalin tela ya tashi ƙwarai, don yana son ƙanin nan kamar ransa, amma girman kai ya riƙe masa ƙafa.

Ranar Litinin ya durƙusa gaban Shehi, da niyyar roƙon addu'ar da za ta kawo yaron ya ba shi haƙuri. Bai kai ga buɗe baki ba, sai kujerar katakon da Shehi ya shekara arba'in yana karantarwa a kanta ta ce ƙaras, ƙafa ɗaya ta fita. Shehi ya sauko kan tabarma cikin natsuwa, ya tura masa ita.

"Kai ta a gyara."

Tela ya rungumi kujera, ya tabbata an ba shi ishara mai nauyi. Ƙafa huɗu, ai mazhabobi huɗu ke nan. To wanne ne ya karye? Ya yi istigfari ya saki wannan. Ranar Talata ya gano cewa ƙafarsa ce za ta karye, ya jingine kekensa, ya dinga takawa kamar mai tafiya a kan ƙwai. Ranar Laraba ya ce a'a, kujerar duniya ce mai gushewa, ya ɗauki azumi, ya zauna yana kallonta yana gyaɗa kai, ɗinkin mutane na jibge.

Da safiyar Alhamis matarsa ta yi tuntuɓe da ita karo na biyar. Ta ce ita dai ba ta yi karatun balaga ba, amma a saninta idan aka ce a gyara kujera, wurin kafinta ake kai ta. Ya fara yi mata bayanin zahiri da baɗini, ta ɗora masa kujerar a ka, ta rufe ƙofa.

Kafinta ɗaya ne a unguwar. Tela ya isa ya tarar da mota a ƙofar shago, an riga an loda rabin kaya. Ya dire kujerar ba sallama, yana kallon sama, ya gaya wa bango cewa ta Shehi ce. Kafinta ya kifa ta don ya duba. A ƙarƙashin mazaunin akwai tsaga uku a jere, shaidar da mahaifinsu yake yi wa duk abin da ya fito daga hannunsa. Su biyun ba wanda ya taɓa sanin aikin tsohon ne.

Kafinta ya feƙe sabuwar ƙafa, amma ba ta shiga sai wani ya danne kujerar.

"Yaya, riƙe nan."

Maganar farko ke nan a shekara uku. Tela ya riƙe, kafinta ya ɗaga guduma idonsa cike da ƙwalla, ya sauke ta a kan babban yatsan wansa. Tela ya yi tsalle yana salati, har ya manta ƙafarsa na cikin haɗari. Kafinta ya tuntsire da dariya, dariyar ta koma kuka, wan ma ya taya shi. Direba ya yi ta danna ƙaho har ya gaji, ya sauke musu kayansu ya tafi. Kafin azahar zarto ya koma inda ake yanka katako.

Tela ya mayar da kujera, hannunsa na ciwo a ɓoye cikin aljihu, ya shiga zuba tawili: ƙafafun 'yan'uwa ne, mazaunin kuwa uba. Shehi ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Madalla. Ni dai kwana uku ina zaune a ƙasa, bayana ya gaya mini. Yaya babban yatsa?"

Tela ya daskare, domin ko matarsa ba ta ga yatsan ba tukuna. Shehi ya miƙo masa butar alwala. Nan take goshin tela ya tattare, leɓɓansa suka fara motsi.

"Yoyo take yi," in ji Shehi.

Ya karɓa da ladabi, ya fita. Sai da ya kai bakin titi ya tuna cewa mai liƙe buta ɗaya ne a unguwar, surukinsa, wanda rabonsa da gaishe shi tun bara.

Tsarki ya tabbata ga Wanda Yake sanar da bayinSa na gari abin da ke cikin zukata da aljihuna. Ya Allah, Ka ɗaukaka darajar Shehinmu, Ka lulluɓe mu da albarkarsa, Ka sa mu gane gyaranmu tun guduma ba ta sauka ba. Amin.